Ci gwargwadon aiki

Jama'a, ga wata 'yar shawara daga hamingbad, ɗan tsuntsun nan na nahiyar Amurka mai tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure. Irinsa mai jan wuya, kafin ya tsallaka Tekun Meziko, tafiyar kilomita 800 ba sauka, ci yake har nauyinsa ya kusa ninkawa. To, ranar aikin ƙarfi ku ci ku ƙoshi, ba kunya. Ranar zaman ofis a rage malmala.

Kada dai masu son zaƙi su kafa hujja da shi, domin shi zuciyarsa kan buga fiye da sau 1,000 a minti, nan da nan yake ƙone zaƙin da ya sha. Shi ma yana haɗawa da ƙananan ƙwari masu gina jiki, don haka a sa wake ko ƙwai a kwanon.