Yadda ake ajiye kashin ƙarfe na siminti ya daɗe bai lalace ba

Kafin ka sauke ko tifa ɗaya a fili, ka fara tambaya wane irin kashin ƙarfe ne (wato dattin da ke fita in ana narka ƙarfe) aka kawo maka, don iri biyu ne kuma ajiyarsu ta saɓa wa juna. Mu dai kashin maƙera muka sani tun muna yara, to wannan yayansa ne na manyan masana'antu.

Na farko shi ne wanda yake fitowa daga doguwar tanderun narka tama, yana malalowa da zafi wajen digiri 1,500 sai a feshe shi da ruwa mai ƙarfi nan take ya farfashe ya koma kamar yashi mai ƙyalli. Shi masu siminti suke rububi, a Turai ma akwai simintin da ake kira CEM III wanda kashi 36 har zuwa 95 cikin ɗari nasa wannan abin ne. Matsalarsa ita ce shi kansa siminti ne mai barci, in ya daɗe da danshi a hankali zai fara kama jikinsa, saman tsibin ya yi ɓawo, ƙasan kuma inda nauyi ya danne ya daskare kamar dutse, wata rana sai ka ga katafila tana kartar shi tana kuka. Don haka ka zuba shi a kan daɓen kankare mai ɗan gangara da magudana a gefe, kada tsibin ya yi tsawo da yawa, kuma dan Allah ka hana direbobi hawa kansa da mota, dannewar nan ita ke saurin kashe shi. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Kada ƙurar klinka (ƙonannen dutsen da ake niƙawa a yi siminti) ko ta siminti ta riƙa sauka a kai, ita ce ke tashinsa daga barcin, shi ya sa ba a ajiye su maƙwabtan juna musamman da hunturu da iska ke kwasar komai.

Ruwan da ke tsiyaya daga ƙarƙashi fa ba na wasa ba ne, yana da kaifi irin na soda, wani lokaci ya fito ruwan ɗorawa-ɗorawa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wutar da ke ciki. A haƙa masa rami na musamman, kar ya bi kwata ya shiga rafi ko gonar mutane.

In tsibin ya shekara ko fiye, kar ka yarda da ido. Ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasa, a niƙa a haɗa da siminti a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28, sau da yawa tsoho yana nan da amfaninsa sai dai a fasa dunƙulen a busar a ƙara masa niƙa. Da zarar an niƙa shi ya zama gari kuwa magana ta canza, rumbu rufaffe kawai, ko raɓa ba a so.

Na biyun kuma shi ne na tanderun da ake tace ƙarfe ko narka tsofaffin ƙarafa, kuma shi aka fi samu a Najeriya tunda tanderun narka tama ta masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda za ta ba da irin na farko, har yau ba a taɓa hura ta ba. Wannan akasin wancan ne, yana iya ɗauke da ɗanyar farar ƙasa a cikinsa wadda in ta sha ruwa take kumbura, ka zuba shi sabo a kankare bayan watanni bango ya tsage ka rasa dalili. Shi shimfiɗa shi ake yi a fili ba tsibi mai tsawo ba, ruwan sama ya dake shi, da rani a riƙa fesa masa ruwa ana juyawa, ya yi kamar wata shida, a bi shi da maganaɗisu a tsince guntayen ƙarfe, sannan a gwada kumburinsa kafin a yi aiki da shi. Ka sa allo mai ranar sauke kowane tsibi, ka kuma raba filin iri biyun da katanga.