Darasi na 9: Katin Asibiti na Mai Ciwon Dajin Maƙogwaro

Kashi na 1

Ku ɗora yatsa a gaban wuyanku, ku ce "aaa". Abin da kuka ji yana kaɗawa shi ne maƙogwaro, daga nan murya ke fitowa. A da, idan ciwon daji ya yi nisa a wurin, cire shi ake yi ɗungurungum, mutum ya koma numfashi ta hudar da aka yi masa a wuya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa haɗa gashi (wato haska wurin da na'ura) da magani a lokaci guda ya fi ceton maƙogwaron daga wuƙa. Ba kowa yake yi wa ba, likita ne zai duba.

Kashi na 2

Gashin nan ba da garwashi ba ne. Na'ura ce ke haska wuya na 'yan mintuna, ba a jin komai a lokacin. Maganin kuma, Cisplatin, ta jijiya ake sa shi, yawanci sau 3, mako uku-uku.

Yanzu ku ɗauko kati na ƙirga ranakun gashi. Ku rubuta: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Kwana 5 ke nan. A maimaita har mako 7. Nawa ya zama? 35. Madalla, ku sake rubutawa: 35. Duk ranar da aka je, a ja layi ɗaya, a ƙirga.

A nan ake faɗuwa. Wajen mako na uku maƙogwaro kan yi zafi, yawu ya kafe, abinci ya daina ɗanɗano, sai majinyaci ya ce bari ya huta kwana biyu. Kada ya huta! Ranar da aka tsallake, ciwon ne ya samu sarari. Layi 20 ba 35 ba ne. Layi 34 ma ba 35 ba ne. Biki ko kasuwa ba uzuri ba ne, haba jama'a, sau nawa zan faɗa? In tuwo ya gagara a sha kunu, a gaya wa likita, amma a je. Ku ƙirga layukanku kuma.

Kashi na 3

A sha ruwa sosai, maganin na wahalar da ƙoda. A bar taba.

Kashi na 4

Dushewar murya da ta wuce mako 3, sai asibiti. Ku kwafe wannan layi sau 5.