Darasi na Bakwai: Tsirar da Irin Gora a Cikin Jel Mai Riƙe Ruwa

Gora tana cikin dangin ciyawa, ita da dawa da gero da shinkafa, ko da yake tsawonta da ƙarfin sandarta suna sa mutane su ɗauke ta itace. Da ita ake yin tankar ɗaki da rumfa da shinge da kwando da gadon kwanciya, ana ƙona ta a yi gawayi, kuma saiwarta tana kama ƙasa a bakin rafi da gefen kwazazzabo inda ruwa ke cin gona. Yawancin masu shuka ta suna tono wani sashe na gindin tsohuwar gora ne su dasa, ko kuma su yanki sanda mai gaɓa biyu ko uku su binne. A wannan darasi za mu koyi hanyar da ba a saba da ita ba, wato fitar da gora daga ƙwayar iri, tare da amfani da jel mai shan ruwa a makonnin farko na rayuwarta.

Dalilin da irin gora yake da tsada

Gora ba ta yin fure kowace shekara kamar sauran amfanin gona. Wasu nau'o'inta sukan yi shekara 30 ko 40 kafin su yi fure, akwai ma wani nau'i a Sin da Japan da yake kaiwa kimanin shekara 120. Idan lokacin ya yi, duk gorar da ta fito daga asali ɗaya takan yi fure tare, ta zubar da iri, sa'an nan mafi yawanta ta bushe ta mutu. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya akwai gorar da ke yin haka kusan kowace shekara 48, kuma da ta yi fure a wajen 1959, ɓeraye sun ƙoshi da irin har suka yi yawan da ya wuce misali, suka afka wa gonaki da rumbuna, aka shiga yunwa. Haka ta sake yin fure a wajen 2006 zuwa 2007.

Wannan hali na gora shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata manomi ya san shuka ta daga iri. Sandar da aka yanko daga tsohuwar gora tana ɗauke da shekarun uwarta, saboda haka idan saura shekara biyar uwar ta yi fure ta mutu, dashen ma zai bi ta a wannan lokaci, alhali mai gona bai ci moriyar wahalarsa ba. Gorar da ta fito daga iri kuwa daga farko take fara ƙidayar shekarunta, kuma mai ita ya san ranar da ya shuka ta. Sai dai irin ba ya jimirin ajiya. Idan aka bar shi cikin ɗaki mai zafi, ƙarfinsa yakan ragu sosai cikin 'yan watanni, don haka wanda ya samu tafin hannu ɗaya na irin gora bai kamata ya watsa shi a ƙasa ya bar wa tururuwa da ɓera da kaji ba.

Kafin ku sayi iri, ku tambayi sunan nau'in da lokacin da aka tara shi. Gorar da ta fi dacewa da ƙasarmu ita ce wadda masana suke kira Oxytenanthera abyssinica, wadda take fitowa da kanta a dazuzzukan Afirka tun daga Senegal har Habasha, tana jure fari, kuma sandarta tana da kauri, ramin cikinta ƙarami ne ko ma babu shi. A yankin Benishangul-Gumuz na yammacin Habasha akwai manyan dazuzzukanta, kuma a can ana tara irinta ana renonsa. Babbar gorar da aka fi gani a kudancin Nijeriya, Bambusa vulgaris, kusan ba ta ba da iri mai tsirowa, saboda haka duk wanda ya ce zai sayar muku da irinta, ku yi hattara da shi. Irin da aka fi tallatawa a intanet shi ne na moso, gorar ƙasar Sin, wadda take son wuri mai sanyi da danshi, kuma ba na ba ku shawarar ku zuba kuɗinku a kanta in kuna zaune inda bazara take da zafi. Akwai kuma wani tsiron ado mai kore da gaɓa-gaɓa da ake sayarwa a kwalba cikin jel mai launi, ana ce masa gorar sa'a. Wannan ba gora ba ne, kuma ba zai taɓa ba ku sandar tanka ba. Ma'aikatan gandun daji na jiharku, ko Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, su ne suka fi cancanta ku nemi shawararsu a kan iri.

Yadda ake haɗa jel

Jel ɗin da muke magana a kai yana zuwa ne busasshe, gari-gari ko ƙananan ƙwayoyi farare, ana samunsa a wasu shagunan kayan noma da wurin masu sayar da furanni. Idan ya haɗu da ruwa mai tsabta yakan sha ninkin nauyinsa ɗari biyu ko fiye, ya kumbura ya yi taushi da santsi, sa'an nan ya riƙa sakin ruwan a hankali. Danginsa ne ake zubawa cikin kunzugun jarirai na zamani, amma kada ku farke kunzugu ku kwashi na ciki, domin shi an haɗa shi da sinadarin sodiyam wanda ba ya yi wa tsiro da ƙasa daɗi. Na noma yawanci da fotasiyam ake haɗa shi, kuma akan rubuta haka a jikin ledar.

Amfanin jel a wannan aiki ɗaya ne, kuma yana da muhimmanci ku fahimce shi. Ƙwayar iri tana bukatar danshi marar yankewa, tana kuma bukatar iska. A cikin ƙasa, musamman lokacin rani, saman tukunya yakan bushe da rana ya jiƙe da yamma, kuma tsiron da ya fara leƙowa yakan mutu idan ya bushe sau ɗaya tak. Idan kuma aka cika ba da ruwa, irin ya ruɓe. Jel yana riƙe danshi daidai, iska tana ratsawa tsakanin ƙwayoyinsa, kuma da yake ana gani ta cikinsa, za ku ga saiwa tun ranar da ta fito ba tare da kun tona ba. Amma babu abinci a cikinsa ko kaɗan. Jaririn tsiro yana rayuwa ne da abincin da ke cikin ƙwayar irinsa, kuma idan wannan ya ƙare dole ya koma ƙasa.

Ku auni cokalin shayi ɗaya na busasshen jel ku zuba cikin lita ɗaya ta ruwa. Ruwan sama da aka tara cikin mazubi mai tsabta ya fi kyau, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri ko kanwa yana hana jel kumbura yadda ya kamata, haka ma takin zamani, don haka kada ku narka taki a ciki da nufin taimaka wa tsiro. Ku bar shi ya kwana, da safe ku juye a rariya ko tsumma mai tsabta har ruwan da bai sha ba ya tsiyaye sarai. Wannan tsiyayewa ita ce matakin da mutane suka fi yi wa gaggawa, kuma ita ce take raba nasara da asara, domin irin da ya nutse cikin jel mai iyo a ruwa shaƙewa yake yi.

A nan dole mu tsaya a kan maganar yara. Ƙwayoyin jel, musamman masu launi, suna jan hankalin ƙananan yara, kuma idan yaro ya haɗiye busasshiya tana iya kumbura a cikinsa ta toshe hanji. Ku ajiye ledar da mazubin inda hannun yaro da bakin dabba ba za su kai ba, kuma in har yaro ya haɗiya, ku garzaya da shi asibiti ku faɗi abin da ya haɗiya. Kada kuma a zubar da ragowar jel a magudanar ruwa, domin yana toshe ta.

Shirya iri da shuka shi

Irin gora yana kama da shanshera, siriri ne dogo, yana cikin ɓawo mai tsini. Ku zaɓi ƙwayoyin da suka cika suka yi tauri idan an matsa su da yatsa, ku ware waɗanda suke fanko ko suke da hudar ƙwaro. Idan kuna da haƙuri, ku ɓare ɓawon a hankali da farce, domin a jikinsa fumfuna ta fi maƙalewa, amma ku kula kada ku ji wa ƙwayar ciwo. Ku ɗauraye irin sau biyu ko uku, ku jiƙa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi na kwana ɗaya, kada ya wuce haka.

Ku samo roba mai faɗi wadda ake gani ta cikinta, ku wanke ta da sabulu, ku zuba jel zurfin yatsa uku, wato kimanin santimita 5. Ku kwantar da kowace ƙwaya a gefenta a saman jel ɗin, ku ɗan danna ta har rabinta ya shiga, rabi yana waje yana samun iska, ku bar tazarar yatsa biyu tsakanin ƙwaya da ƙwaya don kada saiwoyi su sarƙe. Ku rufe da murfi ko leda da aka yi wa 'yan huji, ku ajiye a wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, kamar bakin taga ko ƙarƙashin rumfa. Irin gora ya fi son ɗumin da ke tsakanin digiri 20 zuwa 30. Robar da aka rufe aka bari a rana lokacin bazara tana iya dafa irin cikin yini ɗaya, kuma hasken rana yana lalata jel ɗin kansa. Lokacin hunturu kuwa, ku riƙa shigar da ita ɗaki da dare.

Kowace safiya ku buɗe murfin na ɗan lokaci ku duba. Duk ƙwayar da kuka ga farin gashi ko baƙin ɗigo ya lulluɓe ta, ku ɗebe ta da cokali tare da jel ɗin da ke kewaye da ita ku zubar. Idan jel ya fara motsewa, ku yayyafa masa ruwa kaɗan. Iri mai kyau yakan fara tsira cikin mako ɗaya zuwa uku, amma ba duka suke fitowa rana ɗaya ba, don haka kada ku zubar da sauran kafin wata ɗaya ya cika.

Wannan wuri ne da karatunku da lissafinku za su yi muku aiki. Ku buɗe shafi a littafinku, ku rubuta ranar da kuka shuka da adadin ƙwayoyin, sa'an nan kullum ku rubuta nawa ne suka tsira. Idan kun shuka 20 kuma 12 suka fito, kun samu kashi 60 cikin 100 ke nan. Wanda ya yi wannan gwaji da ƙwaya kaɗan tun farko zai san ko irin da ake sayar masa yana da rai kafin ya biya kuɗin mai yawa.

Mayar da tsiro cikin ƙasa

Da zarar tsiro ya fitar da ganye biyu, saiwarsa kuma ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu, lokacin dashe ya yi. Idan aka yi jinkiri za ku ga ganyen yana komawa rawaya, alamar abincin cikin ƙwaya ya ƙare, kuma saiwar da ta daɗe a jel takan sha wuya kafin ta saba da ƙasa. Ku haɗa kashi biyu na ƙasar saman gona, kashi ɗaya na yashi, da kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sosai har ya daina wari da zafi. Ku cika baƙar ledar reno mai huji a gindi, ku jiƙa ta, ku yi rami da yatsa. Ku ɗauko tsiron da cokali tare da ɗan jel ɗin da ya manne wa saiwarsa, kada ku fizge shi kuma kada ku yi ƙoƙarin wanke saiwar. Ku rufe da ƙasa har daidai inda ƙwayar irin take, ku yi wannan aiki da yamma bayan rana ta yi sanyi.

Ledojin su zauna a inuwar rumfa, ana ba su ruwa kullum gwargwadon yadda ƙasar za ta kasance da danshi ba tare da ta yi caɓi ba. Bayan 'yan makonni ku fara rage inuwar da kaɗan-kaɗan har su saba da rana. A wannan lokaci tsiron gora ba shi da bambanci da ciyawa a ido, kuma an sha cire shi wajen nome ciyawar reno, don haka ku sanar da duk wanda yake taya ku aiki. Ku kewaye wurin saboda awaki da kaji, ku kuma ɗora ledojin a kan dakali ko shimfiɗaɗɗiyar leda saboda gara. Za ku lura cewa kowane sabon toho da ya fito daga gindi ya fi wanda ya riga shi fitowa kauri da tsawo, kuma wannan ita ce shaidar cewa gindin da ke ƙarƙashin ƙasa yana ƙarfi.

Gorar da ta yi wata shida zuwa shekara ɗaya a reno, ta kuma tara toho huɗu ko biyar, ta isa fita gona. Ku jira damina ta kankama, wato wajen Yuni ko Yuli a yawancin ƙasar Hausa, ku haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, ku gauraya ƙasarsa da taki, ku bar tazarar mita 5 tsakanin rami da rami, domin kowane gindi zai yi faɗi da shekaru. Ku yanke ledar ku cire ta kafin ku binne, ku rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ku kuma ci gaba da ban ruwa a ranin farko da na biyu. Kada ku sari komai kafin gorar ta kai shekara biyar ko shida, kuma ko a lokacin, ku zaɓi sandunan da suka shekara uku suka yi tauri, ku bar sababbin, domin su ne suke ciyar da gindin da zai fitar da tohon damina mai zuwa.