Yadda Mai Buƙata Ta Musamman Zai Bi Haƙƙinsa a Najeriya

Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata. Mutum ɗaya kuma tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Wanda aka zalunta yana iya shigar da tasa ƙarar ta neman diyya. Sai dai rashin hujja yana kashe ƙorafi, don haka daga nan za a fara.

A ranar da abin ya faru, rubuta kwanan wata, lokaci, wurin, da ainihin kalmomin da aka faɗa maka. Idan matakala ce ta hana keken guragu shiga, ɗauki hotonta har da allon sunan ginin. Wa'adin shekara biyar da aka ba gine-ginen jama'a su gyara ya cika tun Janairun 2024. Karɓi lambar wayar shaidu biyu. In aiki aka hana ka, nemi a ba ka dalilin a rubuce, domin maganar baki ana musanta ta.

Sannan rubuta takardar koke, kwafi biyu, ka kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Nakasassu ta Ƙasa. Kada ka bar ofishin sai an buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Ba a biyan ko kwabo. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai ba marasa galihu lauya kyauta) na jiharsa, ya kuma tambaya ko jihar tana da tata dokar.

Kurame kan cutu a kotu. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta yarda a ba da shaida da alamu ko a rubuce. Amma maganar hannu da kurman Kano ya tashi da ita a unguwa ba ɗaya take da wadda ake koyarwa a makaranta ba. A gwada tafintan kafin zama. In ba sa fahimtar juna, lauya ya faɗa wa alƙali nan take, a rubuta.

Makaho kuwa kada ya dangwala yatsa a takardar rantsuwa sai an karanta masa ita da harshen da yake ji, an kuma rubuta a ƙasanta cewa an karanta.