Yadda Nake Tantance Taimakon Ƙasashen Waje

Shekara goma sha biyu na yi ina ɗauko rahoto a Abuja, kuma duk ranar da aka ce wata ƙasa ta kawo mana taimako, tambayata ta farko ita ce: kyauta ce ko bashi? Kai ma fara daga nan. Kada hoton gaisawar jakada da minista ya ɗauke maka hankali.

Ɗauki jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda nake hawa daga Kubwa. An buɗe shi a 2016, kuma da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin aka gina shi. Yana da amfani ƙwarai, amma biya za mu yi. In kana son tabbaci, shiga shafin intanet na Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ka ga wa ke bin mu da kuma nawa.

Sai ka bincika sharuɗɗa: kuɗin ruwa nawa, shekara nawa za a biya, kamfanin wace ƙasa zai yi aikin? Nan ne zumunci ke nuna ainihin fuskarsa. Abin yana damuna, domin na tuna 2005, lokacin da Kulob ɗin Paris, wato ƙungiyar ƙasashe masu arziki da ke ba da rance, ya yafe mana bashin dala biliyan 18, mu kuma muka biya kusan biliyan 12.

Daga nan ka taka da ƙafarka ka ga aikin. Rijiyar burtsatse ce? Tambayi matan unguwar wa ke gyara ta in ta lalace.