Ku jira agogo ya kama tauraro kafin ku fara gudu

Masu motsa jiki da asuba, kafin ku danna maɓallin farawa a agogo ko waya, ku tsaya a fili kamar minti ɗaya har GPS, wato tsarin da ke gano inda kuke, ya kama sosai.

Na'urar tana buƙatar saƙon taurarin ɗan'adam aƙalla 4 kafin ta tantance inda kuke. Idan kuka yi gaggawa, sai ta ja layin hanyarku a taswira ta kan rufin gidajen mutane, ta ƙara muku nisan da ba ku taka ba. Na sha ganin haka a hanyar da nake bi kullum a Gusau.

Ku kuma kashe tsarin tanadin batir.

Amma a ƙarƙashin inuwar dogonyaro mai duhu, ko cikin lungu mai dogayen katangu, jiran ba zai hana kuskure ba.