Yadda ake bin sawun garin da layin dogo ya haifa

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ni kuma a Sabon Garin Zariya aka binne cibiyata. Duk da haka sai da ɗan ƙanwata mai karatu a Amurka ya turo mini taswirar wani ƙaramin gari a jihar Ilinoi, wai shi Santiraliya, sannan na fara kallon unguwarmu da idon mai bincike. Ga hanyar da nake bi tun lokacin.

Ka fara daga tasha, da ƙafarka. Tsaya a bakin dogo ka tambayi kanka: me ya sa nan? Santiraliya an kafa ta a 1853 a daidai inda rassa biyu na layin kamfanin Illinois Central suka haɗu, sunanta ma daga sunan kamfanin aka ciro shi. Majalisar Amurka ce ta ba da filaye a 1850 don a gina layin, kamfanin kuma ya riƙa yanka su yana sayar wa manoma, domin kowane manomi da ya zauna, jirgi ya samu hatsin dako. Zariya ma mahaɗa ce. Layin Baro zuwa Kano ya ratso a 1911, ƙaramin layin Jos mai jigilar kuza ya tashi daga nan, aka rufe shi a 1957, reshen Gusau kuma ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Sai dai Zazzau tana nan da ganuwarta ƙarnuka kafin zuwan jirgi. Turawa suka dasa tasha can hayin Kubanni, nesa da birni, sabon gari ya tsiro a gindinta. To ka rarrabe tun farko: wanne dogo ya tarar, wanne ya haifa.

Daga nan sai tituna. A irin garuruwan Ilinoi ɗin nan an zana su ne a takarda tun kafin a aza tubali, miƙaƙƙu kamar an ja da rula, da sunayen itatuwa da lambobi. Shiga Sabon Gari ka ga irin wannan miƙewar, sannan ka shiga lungunan Birni ka ji bambanci a ƙafarka. Rubuta sunan kowane layi, don suna ba ya rasa dalili. PZ da muke cewa mai Keke ya sauke mu, sunan kamfanin 'yan kasuwar Turawa ne, Paterson Zochonis, masu sayen amfanin gona kusa da dogo. Nemi tsofaffin sito-sito da wurin gurzar auduga, ka lura da yadda ƙofofinsu ke fuskantar layi.

Sashe mafi daɗi, kuma mafi wuya, shi ne zama da dattawa. Nemi 'yan fanshon reluwe, ka je bayan la'asar da ɗan goronka, kada ka shiga da takardar tambayoyi a hannu kamar mai karɓar haraji. Na taɓa zama wajen wani tsohon mai zuba gawayi a injin jirgi. Na ce, "Baba, a wace shekara ka kama aiki?" Ya yi shiru yana murza carbi, ya ce, "Kai yaro, Ja'afaru na kan gado." Wannan amsa ta ishe ni, tunda Sarki Ja'afaru ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, abin da ya rage shi ne in rage tazarar da tambaya ta gaba: kafin yaƙin Hitila ko bayansa? Ya nuna mini tafin hannunsa, har yanzu da kantar shebur. Ranar ce kuma wayata ta mutu a tsakiyar hira, rabin zancen ya tafi. Ka riƙe biro da littafi ko da kana naɗar murya.

Kada ka tsaya ga masu albashi kawai. Dogon nan da gumin talakawa aka shimfiɗa shi, aikin da ake kira diga, wanda hakimai da dagatai suka riƙa tara wa mutane ƙauye-ƙauye. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi Waƙar Diga a kan haka. Tambayi tsofaffin mata abin da kakanninsu suka ce game da diga, za ka ji abin da babu shi a fayil.

Takardu su zo a ƙarshe, don su tantance abin da ka ji. Akwai Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru. Nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa nan Zariya a 1939. Ka ɗauki hoton kowace taswira tare da shekararta.

Tambaya ɗaya ta rage: da jirgi ya ja baya, me ya riƙe garin? Santiraliya ta jingina da haƙar kwal, har mahaƙarta ta fashe a 1947 mutum 111 suka mutu. Mu nan kasuwa ce, da barikin soja, da jami'ar da aka buɗe a 1962. Je ka kasuwar Sabon Gari da sassafe ka ƙirga manyan motocin da ke sauke kaya, sannan ka taka zuwa tasha ka ƙirga taragu.